Abokiyar Takabar Inna

Ni ce ƴar fari a ɗakin Inna, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. A wajenmu, can cikin ƙauyukan Yekuwa, haka ake yi: uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi, ba ta yabonsa ko a bayan idonsa. Da aka yaye ni sai aka miƙa ni ga Gwaggo, yayar Baba, wadda darni ɗaya ya raba gidanta da namu. Gwaggo ce ta goya ni, ta yi mini kitso, ta zage ni, ta kuma tsaya kai da fata sai da aka sa ni lakwal, wato makarantar boko. Inna kuwa in tana son ta aike ni sai ta dubi bango ta ce, "A ce wa waccan ta ɗebo mini wuta." Ina tsaye a gabanta fa. Na saba da abin, amma sabo bai hana shi yi mini ciwo ba.

Abin da na fi sani game da ita shi ne tafiyarta. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take kaiwa kasuwa, a ƙafa, cikin rairayin nan namu mai cinye sawu. Mata masu ƙuruciya sukan riga ta fita, ta iske su a hanya, ta gaishe su, ta wuce. Baba yakan tsokane ta ya ce da ya san haka take da bai sayi jaki ba. Ina ƙarama nakan leƙa ta kafar darni in bi bayanta da kallo har ta ɓace cikin gonaki, ina jin alfahari da matar da ba ta ko waiwayo ni.

Baba ya rasu a farkon damina, bayan ya gama shuka da ƴan kwanaki. Na zo aka yi zaman makoki da ni, na koma Magarya inda nake koyarwa, don ba a ba da hutu ba tukuna. Da aka shiga bakans, wato babban hutu, na bar yara wurin kakarsu ta wajen uba, na hau kabu-kabu na dawo ƙauye.

Ban gane matar da na iske ba. Tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma da mace kan yi a gida in mijinta ya rasu, ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba fita. Wannan duk na san da shi. Abin da ban zata ba shi ne in same ta a tabarma ɗaya, a lungu ɗaya, salla ma a zaune take yi. Ƙafafunta sun kumbura, in ka danna yatsa sai ramin ya zauna. Ƙanena ya ɗauko majo na gidan likita a moto, ya auna ta, ya ce tansiyo ya hau, wato hawan jini, ya ba da ƙwayoyi. Da na raka shi zaure sai ya rage murya.

"Madam, maganin nan shi kaɗai ba zai yi ba. Sai ta tashi ta motsa. Na ga tsofaffi da yawa sun kwanta haka, ba su sake tashi ba."

Na koma ciki na faɗa wa bango abin da majo ya ce, tunda ta bango muke magana. Na ce takaba ba ta hana zagaya tsakar gida ba, ko daga bakin rumbu zuwa turken awaki ne. Inna ta ce, "A zagaya a je ina?" A wurinta tafiya tana da inda za a je da abin da za a kai. Na yi lallashi, Gwaggo ta yi faɗa, ƙanena ya yi roƙo, duk a banza. Na tsorata ƙwarai, don na gane ba ciwon ƙafa ne kawai ya kwantar da ita ba. So take ta bi Baba, kuma ta sami hanyar da babu mai cewa ta yi laifi.

A nan sai na faɗi wani abu game da kaina. Tun bayan haihuwata ta uku jiki ya yi mini nauyi, in na share allo sama da ƙasa sai in tsaya ina haki a gaban yara. Matar aure kuma malama ba ta fita gudu a titin Magarya, kafin ta kai bakin kasuwa labari ya riga ta isa gidan surukanta. Wata abokiyar aikina ce ta tura mini bidiyoyin motsa jiki a waya, irin waɗanda ake hawa ɗan benci a sauka. Kafinta ya haɗa mini akwatin katako, nakan kulle ɗaki in yi abina. A lakwal an sha musu a kai. Wani mushe, wato malami abokin aikinmu, ya ce aikin waɗanda suka ƙoshi ne suka rasa abin yi. Na ce masa to ya zo ya yi na minti goma mu gani, da wannan tumbin nasa.

Amma ni ma ba duka nake so ba. Akwai na ƴan mata siraran nan masu murmushi tun daga farko har ƙarshe, suna tsalle suna ihu, gumi ko ɗigo babu. Ba na yarda da mutumin da ke wahala yana murmushi, wani abu yake son sayar maka. Akwai masu cewa saura kaɗan, saura kaɗan, alhali ko rabi ba a yi ba. Waɗannan nakan kashe su da haushi. Guda ɗaya na riƙe. Wata baƙar mata ce, ta manyanta, tana da jiki kamar nawa, ita kaɗai a wani ɗaki da babu komai sai bango da bencinta. Baƙaƙen kaya masu yalwa take sawa, ta ɗaure kanta da ɗankwali. Ba ta cika fara'a ba. In ta gaji kana gani, kafaɗunta na hawa da sauka, ta goge fuska da bayan hannu ta ci gaba. Ban san ƙasarsu ba, ba na kuma jin yarenta. Ita na yarda da ita.

Wani hantsi an yi ruwa an ɗauke, Gwaggo ta tafi duba gidanta, ina zaune kusa da tabarmar Inna na rasa abin da ke mini daɗi. Na ciro waya na kunna matar nan, na kashe sauti saboda gidan takaba ba wurin kiɗa ba ne. Kallo kawai nake yi. Can sai na ji Inna ta ce wa bango, "Me waccan baiwar Allah take yi?"

Na ce tafiya take yi.

"Tafiya zuwa ina?"

"Ba ta zuwa ko'ina. A ɗaki take yi, don jini ya zagaya."

Ta miƙo wuya ta duba da kyau. Ta daɗe tana kallo, matar tana hawa tana sauka, tana hawa tana sauka.

"Ba kowa a gidan nasu?"

"Ban taɓa ganin kowa ba."

"Ba ɗan kunne, ba kwalli. Ga baƙin tufa." Ta ƙara matsowa. "Mijinta ne ya rasu?"

Na buɗe baki zan gyara mata, don gyara shi ne sana'ata, sai na rufe. Na ce ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa, don me na sani game da matar nan? Inna ta girgiza kai ta ce, "Allah sarki. Takaba a ɗaki ɗaya, ba mai shigowa ya ce mata sannu." Sa'an nan muryarta ta canza, ta koma irin wadda na sani tun ina yarinya. "Kuma ana zaune ana kallonta tana wahala? Haka aka koya wa mutane a lakwal ɗin?"

A wajenmu ba a zama a zuba wa mai aiki ido. In ka shiga gida ka iske mace tana daka, ka ce sannu, ka karɓi taɓarya ko da sau uku ne ka buga. Na tashi tsam. Akwatina yana Magarya, na duba ɗakin ban ga abin hawa ba sai dokin ƙofa, tudun nan na ƙasa da ake yi a bakin ɗaki don kada ruwa ya shigo. Na jingina wayar a jikin kwalla, na kama hawa da sauka tare da matar. Inna tana kallonmu mu biyu. Da muka gama ta ce wa wayar, "Sannu, baiwar Allah." Ni ba a ce mini komai ba.

Washegari da hantsi ita ta tambaya. "Ba a duba waccan ba yau?" Na kunna, na hau dokin ƙofa. Ta lura kayan jiya ne a jikin matar, ta ce ai haka takaba take. Ta lura ni ina riga matar gajiya, ta faɗa wa bango wannan ma. Har yau ban san iyakar abin da Inna ta yarda da shi a ranta ba. Ba ta da wauta ko kaɗan, ta sha ganin fim a wayoyin jikokinta, ta san ana ɗaukar mutum a ajiye. Ina jin ta sani, ta dai zaɓi ta bar abin a haka, ni ma na bar shi.

Bayan ƴan kwanaki, ina tsakiyar yi, sai na ji motsi a bayana. Ta dafa bango ta miƙe, ƙafafunta na rawa.

"A ce wa waccan ta miƙo hannu."

Na miƙa. Ta kama ni a tsintsiyar hannu, da ƙarfi, tafinta kaushi kamar bayan ƙwarya. Ina da aure da ƴaƴa uku, amma ban tuna ranar da uwata ta taɓa riƙe hannuna ba kafin wannan. Na kawar da kai don kada ta ga idona. Ta ɗora ƙafar dama a kan dokin ƙofa, ta yi nishi, ta hau, ta sauko da baya. Ta sake. A na uku ta ce ya isa, ta koma tabarma tana haki, ta ce wa matar, "Ke dai kina da ƙoƙari."

Gwaggo ta kama mu ba da daɗewa ba, kuma ranar na sha faɗa. Ta ajiye ƙwaryar da ke kanta ta riƙe haɓa.

"Ke, abin da kika kwaso a birni ke nan? Rawa a gidan takaba?"

"Gwaggo, ba rawa ba ce. Kin ji kiɗa?"

"Kuma a kan dokin ƙofa. Tun kina goye nake gaya miki ba a taka shi, tsallakewa ake yi. Hanyar mutanen ɓoye ce. So kike ki jawo wa uwarki abin da ya fi kumburi?"

Na fara kawo mata bayanin majo da zagayar jini, ta ce in rufe mata baki, ita ta wanke mini kashi. Inna ce ta raba mu, tana tsaye a kan dokin, hannunta a kafaɗata.

"Yaya, ƙanenki ne ya gina shi da hannunsa. In akwai mai bi ta nan, ya san ni."

Gwaggo ta yi tsaki ta ɗauki ƙwaryarta. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba, wanda a wurin Gwaggo babban horo ne ga ita kanta.

Matsalarmu ita ce rashin sauti. Ba kiɗa, ba ƙirga, sai Inna ta riƙa rikicewa, ta ɗaga ƙafar da ba ita ba, ta ji haushi. Wata safiya Gwaggo tana surfe a tsakar gida, ta juya mana baya don kada a ce tana kallo. Sai na lura ƙafar Inna ta daidaita. Taɓarya ta sauka, ta hau; taɓarya ta sake sauka, ta sauko. Da Inna ta fara gajiya ta rage sauri, sai na ji dakan ma ya rage sauri. Gwaggo mai dakan da ake ji daga bakin rijiya, ga ta tana ɗaga taɓarya a hankali kamar mai jego. Ba ta waiwayo ba. Daga ranar ta mai da surfenta hantsi, ta kuma jawo turmin kusa da ƙofar ɗaki, wai can rana ta fi yawa. In na tsokane ta sai ta ce ita hatsi take surfawa, ba ruwanta da rawar marasa aikin yi.

Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Akwai ranar da Inna ta hau ta ƙi saukowa. Ta tsaya a kan dokin tana kallon ƙasa, hawaye na zuba. Ta ba wa matar cikin waya labarin shekarar da ruwa ya shigo ɗakin nan ya jiƙa mata gyaɗa, Baba ya kwaɓa ƙasa ya ɗaga dokin har ya yi tsawo da yawa. Ta ce ta yi tuntuɓe da shi da ƙwaryar fura a hannu, ta yi masa mita har kaka, shi kuwa dariya kawai yake yi, ya ce wata rana za ta gode masa. "Ban gode masa ba," in ji ta. "Ke naki, kin samu kin gode masa?" Matar tana ta hawa da sauka. Ni ina riƙe da gwiwar hannun Inna, ina jin labarin da ba a taɓa ba ni ba, ina kuka ba sauti. Washegari ta ƙi tashi sam, na ɗauka mun koma gidan jiya. Kashegarinsa ta ce a kunna, kada baiwar Allah ta ce an guje ta.

Haka damina ta yi ta tafiya. Gero ya yi kara, ya fid da kai. Ƙanena yakan kai wayar wurin mai sola a yi mata sharji, yana gunaguni cewa waya ta zama ta Inna. Kumburin ya fara sauka, ramin yatsa ya daina zama. Ta koma salla a tsaye. Ta daina kama hannuna, sai kafaɗa, daga baya sai gefen ƙofa kawai. Na yi murna, na kuma ji kewar hannun, duka biyu a lokaci ɗaya. Ta fara kushe matar ma, ta ce tana jefa hannuwa da yawa, mai tafiya mai nisa ba ya ɓarnar ƙarfi haka. Majo ya dawo ya auna, ya tambayi abin da muke ba ta. Gwaggo ta ce masa, "Surfe."

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Ɗaki daban, waje daban. Ba ta taɓa zuwa ko bakin zaure ba, kuma in aka ambaci ranar fita sai ta kawar da kai. An kusa rantire, wato komawa lakwal, dole in koma aji. Ina tsoron in tafi da wayata, ta koma tabarma.

Ranar fitar takaba ta faɗo ana cikin girbi. Tun da safe gida ya cika da mata, ana tuyar waina ta sadaka. An yi mata wanka da kitso, Gwaggo ta sa mata kwalli, ta ɗaura sabon zane. Al'ada ce ta zaga dangi ta yi godiyar ta'aziyya, ƙanena ya ɗaura wa jaki amalanke ya shimfiɗa tabarma a kai, yana jira a ƙofar gida. Kowa ya shirya, Inna tana zaune a bakin gado ba ta motsa ba. Mata suka fita ɗaya bayan ɗaya, aka bar mu mu biyu.

"A kawo mini waccan baiwar Allah."

Na ɗauko wayar na danna, ta ƙi kamawa. Cikin hidimar kwanakin nan babu wanda ya tuna da sharji. Na ce, "Inna, ta mutu, ba wuta. Bari a kai ta wurin mai sola."

"A kawo ta haka."

Na durƙusa a gabanta na riƙe wayar da hannu biyu, kamar yadda na saba. Gilashin baƙi ƙirin, babu kowa a ciki. Ta dube shi, ba ta ɗaga ido sama da shi ba.

"Baiwar Allah, yau zan fita," in ji ta. "Kin bar naki sha'anin, kin zauna da ni damina guda. Na yi miki gardama ba ki yi fushi ba. Da na kwanta, ke kika tashe ni." Ta gyara zama. "Tun kina ƙarama nake ganin ƙoƙarinki, baki ne ba ya iya faɗa. Allah ya yi miki albarka. Allah ya ba ki masu riƙe hannunki."

Na san ba a amsa irin wannan magana, in na amsa na ɓata mata. Na ce wa bango, "Ta ce amin."

Inna ta gyara mayafinta ta miƙe. Ta bi ta tsakar gida, mata na yi mata barka, ta shiga zaure, ina biye. A bakin zaure akwai wani dokin ƙofa, shi ma ginin Baba ne. Ba ta tsallake shi ba. Ta ɗora ƙafar dama ta hau, ta tsaya a kai tana duban waje, ni kuwa na miƙa hannu ta baya don na saba daga nan da baya take saukowa. Ta sauka ta gaba.

Ƙanena ya jawo jaki kusa. Ta dubi amalanken, ta ce dangi su jira, gonar da aka shuka za ta fara gani, kuma ita ba buhun gero ba ce da za a ɗora ta. Ta kama hanya cikin rairayi. Tafiyar ba irin ta da ba ce, da ƴar rangaji a ciki, amma ita ce. Na tsaya a ƙofar gida ina kallon bayanta kamar yadda nake yi ta kafar darni. Ba ta yi nisa ba ta tsaya, ba ta waiwayo ba, ta ce da Gwaggo da ke gefenta, da ƙarfi yadda zan ji:

"Yaya, a ce wa waccan ta ɗaga ƙafa. Jiranta nake."